Kilisa ko Sukuwa: Wanne Zai Ƙara wa Mai Gudu Sauri?

Wata Asabar cikin hunturun bara, fitowarmu daga sallar asuba ke nan, ɗan yayata ya tare ni a ƙofar gida riƙe da kambas ɗinsa, fuska ba walwala.

"Kawu, wata shida ke nan ina gudu. Kwana biyar a mako, kilomita biyar kullum. Ranar da na fara auna kaina minti 31 na yi. Jiya na sake aunawa, minti 30 da ɗoriya. Ko dai jikina ne ba na gudu ba?"

Na ce ya ɗaura takalminsa mu je in gani da idona. Muka kama titi ta wajen Ƙofar Ƙaura, gari bai gama wayewa ba, masu shayi na hura wuta, hazo ya sa fitilun babura sun yi jajir. Ba mu yi minti biyar ba na gano inda gizo ke saƙar. Kafaɗunsa sun hau har kunne, baki a buɗe, yana jan numfashi kamar zugazugin maƙeri. Na tambaye shi yaushe za su koma makaranta, amsar ta fito gutsi-gutsi: "Sati... mai... zuwa." Kuma ba wani sauri yake yi ba, yaron da aka aika sayen ƙosai zai iya jerawa da shi. Ga wahala ga rashin sauri. Haka yake yi kullum, hanya ɗaya, taku ɗaya, haki ɗaya, har wata shida.

Kafin ya zo wurina ya riga ya sha shawara. Kocin ƙwallon unguwarsu ya ce masa gudu sai da wuta, ya riƙa tsere daga raga zuwa raga har ya ji amai na taso masa, in ba haka ba wasa yake yi ba tirenin ba. Wani tsohon soja maƙwabcinsu kuma ya ce a'a, ya rage ƙafa ya ƙara nisa, sauri zai zo da kansa. Yaron ba shi da abin da ya wuce awa huɗu a mako, ga karatu ga tsaron shagon mahaifinsa, dole ya san inda zai zuba su.

Bai kamata wannan tambaya ta ɗaure wa Bakatsine kai ba, don garinmu garin dawaki ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka san Katsina da sukuwa da folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a folo har wajen ƙasar nan. Ka tambayi duk wanda ya taɓa aikin barga: ba mai hankalin da zai saki doki sukuwa kowace safiya. Kilisa ake yi masa, a hau a zagaya da shi sannu-sannu, ya ɗan yi gumi a dawo. Sukuwa sai jefi-jefi. Saboda haka da waɗannan sunaye biyu zan kira hanyoyin nan. Kilisa ita ce sassarfa mai nisa, numfashi a kwance. Sukuwa ita ce gudu mai ƙarfi gunduwa-gunduwa, da hutu a tsakani.

Kilisa aikinta a ɓoye yake, shi ya sa ake raina ta. Zuciya tsoka ce, in aka sa ta aiki na tsawon minti 40 ko awa guda ba tare da an ƙure ta ba, a hankali sai ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Wanda zuciyarsa ke bugawa sau 75 a minti in yana zaune, bayan 'yan watanni sai ya ga ta sauko 60 da wani abu, wani ma ƙasa da haka. A cikin naman ƙafa kuma sababbin hanyoyin jini ke tsirowa, waɗanda suka fi gashi siranta, su ne ke kai iska lungu-lungu. Sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin murahu a cikin ƙwayoyin tsoka, masana na kiransu mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iska a samu ƙarfi. Kilisa na ƙara yawansu da girmansu. Jiki kuma ya koyi cin kitse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta bai fi na gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kitse kuwa rumbu ne, ko a jikin siriri.

Amma babban dalilin da ya sa nake fifita kilisa ga mai farawa ba zuciya ba ce, ƙashi ne da jijiya. Duk takun da ka yi a guje, ƙafarka na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Mai kilo 70 ke nan kamar buhu biyu na masara ake dire wa ƙafarsa ɗaya, kuma kusan taku dubu ake yi a kilomita guda. Zuciya da huhu cikin 'yan makonni suke gyaruwa, amma ƙwauri da agara da gwiwa sai sun ɗauki watanni. Nan ne mutane ke faɗawa tarko: numfashi ya ce maka ka ƙara wuta, ƙafa kuwa ba ta shirya ba, kuma ba ta magana sai ranar da za ta ƙi taka ƙasa.

Yaya za ka san kilisa kake yi ba wahalar banza ba? Ba sai ka sayi agogon dubu ɗari ba. In za ka iya ba abokin gudunka labarin wasan Katsina United na jiya daga farko har ƙarshe ba tare da ka katse don jan iska ba, to kana kan hanya. In maganar ta fara fita kalma uku-uku, ka wuce gona da iri. Mai son lissafi ya tsaya ya ɗora yatsu biyu a gefen wuya, ya ƙirga bugun daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu. Akwai tsohon lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don ƙiyasta ƙololuwar bugun zuciya. Kirdado ne, yana iya kaucewa da goma ko fiye, amma ya ishi mai farawa. Ɗan shekara 35 ƙololuwarsa wajen 185 ke nan, kilisarsa kuwa kada ta wuce 140 da kaɗan. Wanda yake yin kilomita biyar a minti 30, wato minti shida kowace kilomita, kilisarsa za ta kama minti bakwai zuwa bakwai da rabi. Da zafi ma ta fi haka.

To a nan ne wahalar take, kuma wahalar ba ta jiki ba ce, ta ido ce. Gudun minti bakwai da rabi a titin Katsina sai mai ƙarfin hali. Mai shayi zai ɗaga murya ya ce, "Alhaji, tafiya ce ko gudu?" Almajirai su jera da kai suna dariya, wani ma ya wuce ka da ƙoƙonsa a hannu. Mai babur ya rage wuta ya ce ka hau ya rage maka hanya. Na san mutane da yawa da suka san amfanin kilisa sarai amma kunya ta hana su, da sun hango majalisa sai su ƙara ƙafa. Aibinta na biyu cin lokaci: minti 20 ba ta isa, sai ka ba ta 40 zuwa sama, rana ɗaya a mako kuma awa guda ko fiye. Na uku, in ita kaɗai ka riƙe shekara da shekaru, za ka zama mai juriya ƙwarai amma ƙafarka ta manta yadda ake sauri.

Wanda ya fi kowa ɗaga darajar wannan hanya shi ne Arthur Lydiard, wani mai horarwa daga Niyu Zilan. Yakan sa yaransa gudun kusan kilomita 160 a mako na tsawon watanni kafin su taɓa gudun sauri, har masu tseren mita 800 waɗanda gasarsu ba ta kai minti biyu ba. Mutane suka ɗauka hauka ne. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, yaransa biyu suka ci zinare rana ɗaya: Peter Snell a mita 800, Murray Halberg a mita 5,000. Snell ya koma Tokyo a 1964 ya haɗa 800 da 1,500. Sai dai masu kafa hujja da Lydiard sukan manta rabin labarin. Bayan watannin nisa, yakan shigar da su hawan tudu, sannan gudun sauri a fili. Kilisa tushe ce a wurinsa, ba ita ce ginin duka ba.

Sukuwa kuwa tarihinta ya fi burgewa. A Jamus cikin shekarun 1930, mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell suka tsara ta: a yi gudu gajere har bugun zuciya ya kai wajen 180, a huta ya sauko 120, a sake. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6 a 1939, bajintar da aka yi shekara 16 ba a karya ba. Emil Zatopek na Chekoslobakiya yakan maimaita mita 400 sau da dama a rana guda, ya je Helsinki a 1952 ya cinye mita 5,000 da 10,000 da kuma gudun fanfalaki na kilomita 42.195, wanda bai taɓa shiga ba sai ranar. Wanda labarinsa ya fi dacewa da ma'aikaci ko ɗalibi shi ne Roger Bannister na Ingila. Ɗalibin likitanci ne, ba shi da lokaci sai na hutun cin abincin rana, a ciki yake zagaya fili sau goma da ƙarfi. Ranar 6 ga Mayu 1954 ya zama mutum na farko da ya yi mil guda, mita 1,609, ƙasa da minti huɗu.

Abin da sukuwa ke bayarwa a fili yake. Tana ɗaga iyakar iskar da jiki zai iya zuƙa ya yi aiki da ita. Tana tayar da zaren tsoka masu saurin aiki, waɗanda kilisa ke bari suna barci. Tana gyara taku, ƙafa ta daina daɗewa a ƙasa. Tana kuma koya wa zuciyar mutum, ta ciki nake nufi, jure ƙuncin ƙarshen tsere. Ga ta da araha a lokaci: ɗumama jiki minti goma, aiki minti 15, saukowa minti biyar, ka gama ka yi wanka ka tafi ofis. Cikin mako huɗu zuwa shida za ka ga agogo ya fara yi maka murmushi. Wannan saurin biya shi ne daɗinta, shi ne kuma dafinta.

Ni na sha dafin. Shekarun baya, ina yin kilomita biyar a minti 27, na ƙudurta sai na kai 25. Na shiga maimaita mita 400 sau takwas, kwana uku a mako, a kan kwalta, da wani takalmin gwanjo da dunduniyarsa ta riga ta cinye ta gefe guda. Mako biyar na kai minti 25 da rabi, ina ta baza labari a majalisa. A mako na shida sai gefen ƙwaurina na hagu ya fara tsami da safe. Na ce jiki da jini, na shafa man zafi na ci gaba. Bayan kwana goma wurin ya koma ɗigo ɗaya, in na danna da babban yatsa sai na zabura. Likita ya ce saura ƙiris ƙashin ya tsage, in ajiye gudu wata biyu. Sallah ma sai da na riƙa dafa bango kafin in miƙe daga sujada, dattawan sahun gaba na yi mini sannu. Da na dawo, minti 29 na yi. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiyar, fitowa ta ci mini kusan rabin shekara.

Wato sukuwa rance ce, da hutu ake biyanta. Bayan ranar gudu mai zafi jiki na son kamar kwana biyu kafin a sake matsa masa, kuma a cikin hutun ne gyaran ke faruwa, ba a lokacin hakin ba. Ribarta kuma tana da rufi. Wanda ba shi da tushen nisa, bayan wata biyu sai ya ga ya tsaya cak, ƙarin wuta ba ya ƙara komai sai gajiya da rashin barci.

Masu binciken wasanni sun duba yadda zakarun duniya ke raba ayyukansu. Stephen Seiler, Ba'amurke mai koyarwa a Norwe, ya bibiyi masu gudu da masu tseren kwale-kwale da na kan ƙanƙara, ya tarar da abu kusan iri ɗaya: wajen kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, 20 ne kawai mai zafi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki a awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a birnin Balin na Jamus a 2022, wato kowace kilomita ƙasa da minti uku, a ranakun sauƙi yakan yi ta a minti huɗu zuwa biyar. In wanda ya kai wannan matsayi bai ji kunyar rage ƙafa ba, ban ga dalilin da dariyar mai shayi za ta hana ni ba. Matsalar ɗan yayata ke nan: ranakunsa biyar duka a tsakiya suke, sun yi zafin da ba zai huta ba, ba su yi zafin da za su ƙara masa sauri ba.

Akwai wani gudu na uku da ke kama da wannan tsakiyar amma ba ita ba ce. Shi ne ka riƙe taku mai ɗan zafi, wanda da tsere ne za ka iya jure shi kusan awa guda, ka yi shi minti 15 zuwa 20 kawai. Magana na fita, amma gajeriya. Yana koya wa jiki kwashe tsamin da ke taruwa a tsoka kafin ya yi yawa. Bambancinsa da kuskuren yaron nan shi ne sau ɗaya ake yinsa a mako, da niyya, jiki a huce. Ga mai harin kilomita goma zuwa sama, ni na fi son shi a kan maimaita mita 400.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda bai kai wata uku da fara gudu ba, ko ya dawo bayan dogon hutu, ko yake ɗauke da tumbi, kilisa zalla, ba tantama. In ma sassarfar na sa shi haki, ya haɗa da tafiya: minti biyu gudu, minti ɗaya tafiya, ba abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Wanda lafiya kawai yake nema, kilisa huɗu ta minti 40 ta biya masa bukata, ba sai ya taɓa sukuwa ba har abada. Ƙarin nisa kuma kaɗan-kaɗan, masu horarwa sun daɗe suna cewa kada ƙarin mako ya wuce kashi goma cikin ɗari.

Ɗan ƙwallo akasin haka ne. Ya riga ya sha sukuwa a fili, kowane wasa tsere ne da tsayawa. Abin da ya rasa nisa ne, shi ya sa za ka ga yaro kamar walƙiya a rabin farko, bayan hutun rabin lokaci ya kama ƙugu. Shi kilisa biyu a mako za ta yi masa abin da ƙarin tsere ba zai yi ba. Wanda kuma yake shirin gwajin shiga aikin ɗamara kuma saura masa mako shida, shi ne kaɗai zan ce ya karkata ga sukuwa, sau biyu a mako, don ita ke biya da wuri. Amma ya sani caca yake yi da ƙwaurinsa, da ya fara tun wata huɗu baya da bai shiga wannan matsi ba. Wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko aka taɓa mutuwar fuju'a ta zuciya a gidansu, ya ga likita kafin ya taɓa gudu mai zafi. Haka wanda ya san jininsa AS ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake: yana iya gudu lafiya lau, amma ƙure kai cikin rana da ƙishirwa na da haɗari na musamman a gare shi, irin tirenin ɗin "har sai ka yi amai" ba nasa ba ne. Mata masu gudu a harabar makarantu ko cikin gida, duk wannan lissafi ya hau kansu daidai da maza. Abin da zan ƙara kawai, wadda take yawan jin kasala da haki fiye da ƙima ta auna jininta, ƙarancin jini na yawan ɓuya a nan.

Sauran mu, waɗanda suka yi wata shida zuwa sama suna gudu kuma suke son agogo ya motsa, amsar ba zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba ce, rabo ne. Cikin fita huɗu, uku kilisa, ɗaya sukuwa. In da za a tilasta mini in riƙe guda ɗaya tak, kilisa zan riƙe, don ita ce za a iya yi shekara goma ba a je wurin mai ɗori ba.

Yanayin Katsina ma yana da bakin magana a wannan rabo. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke kai 40 ko ya haura, zuciya na aiki biyu, tura jini ƙafa da tura shi fata don sanyaya jiki. Takun da kake yi cikin sauƙi a Disamba sai ya koma aiki. Bazara lokacin kilisa ce, da asuba, a gama kafin rana ta ɗaga. Sukuwar yamma a Afrilu ganganci ne. Jiki na ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi, a yi masa uzuri. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya tafi lita ɗaya ce ta ruwa, ledar ruwa biyu ke nan. Jiri, ciwon kai, ruɗewa, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, a tsaya, na ƙarshen nan ma asibiti ne kai tsaye. Mai zazzaɓi kuma ya kwanta, maleriya ba a fitar da ita da gumi.

Hunturu shi ne kakar sauri. Sanyin asuba na barin mutum ya matsa wa kansa ba tare da ya dahu ba, duk lokutan da na fi alfahari da su tsakanin Disamba da Janairu na yi su. Sai dai ranar da ƙura ta sauko har ba ka hango hasumiyar Gobarau daga nesa, kada ka yi sukuwa, don mai gudu da ƙarfi da baki yake zuƙar iska, ƙurar na wucewa kai tsaye ƙirji. Mai asma ya zauna gida ranar. Damina kuwa ba laifi, sai santsi da kududdufai. Da azumi na fi ganin a ajiye burin sauri gaba ɗaya: sassarfar minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi in abinci ya faɗa. Wata guda na kilisa ba ya rushe abin da aka gina.

Sai maganar ƙasa. Kilisa ba ta da zaɓe, amma jar ƙasa mai tauri ta fi kwalta tausayin ƙafa. A titi ka fuskanci motoci masu zuwa, ka sa riga mai haske, kuma halin da ake ciki ya sa ba na ba kowa shawarar ya yi nisa da gari shi kaɗai cikin duhu. A zagaya cikin gari, a fita biyu-biyu ko uku-uku. Sukuwa kuwa tana son wuri shimfiɗaɗɗe da aka san tsawonsa. Layin ciki na filin tsere mita 400 ne cif. In ba ka samu shiga irinsa ba, kewayen cikakken filin ƙwallo ya kusa mita 350, filin makaranta ma ya wadatar. In shi ma babu, ga falwayoyin lantarki: ka yi uku da ƙarfi, uku a sassarfa, ka maimaita sau takwas. Mutanen Suwidin sun daɗe da irin wannan, sunan da suka ba shi ma'anarsa wasa da sauri, kuma ga mai fara sukuwa ya fi agogo sauƙi a rai. Yashi yana ƙarfafa ƙafa amma yana jan agara, a shige shi da kaɗan-kaɗan. Takalmi kuma yakan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na ƙyalli. In gwanjo za ka saya, ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkace ka bar wa mai shi. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba.

Abin da na tsara wa ɗan yayata bai da wani sirri. Na rage masa kwana biyar zuwa huɗu. Litinin da Alhamis kilisar minti 40. Asabar kilisa mai tsawo, daga minti 50 muna ƙara biyar-biyar har ta kai 75. Wata na farko ban bar shi ya yi sauri ko sau ɗaya ba, sai 'yan tsere huɗu na daƙiƙa 15 a ƙarshen kilisar Alhamis don kada ƙafa ta yi nauyi. Ya yi ta ƙorafi, wai abokansa na cewa ya koma gudun tsofaffi. A wata na biyu Talata ta zama ranar sukuwa: mita 400 sau shida, kowanne a minti 2 da daƙiƙa 10, da sassarfar minti ɗaya da rabi a tsakani. Sharaɗin shi ne na shida ya yi daidai da na farko. In na farko ya fita a minti 1 da 50 na ƙarshe ya koma 2 da 30, an yi asarar ranar. Sau biyu a mako kuma, bayan gudu, tsugunna-tashi 15 sau uku da ɗaga dunduniya a bakin dakali. In ya dawo, koko da ƙosai ko fura da nono, ba wani garin gwangwani mai tsada ba.

Bayan mako 12 muka koma hanyar da ya saba aunawa, ni a kan babur ina riƙe da waya. Kilomita ta farko na yi ta daka masa tsawa ya rage, don ya so ya tashi da wuta. Ta huɗu ce ta ba ni mamaki, kafaɗunsa na ƙasa, takunsa bai canza ba. Ya tsaya a minti 27 da daƙiƙa 40, ya dafa gwiwa ya yi haki kamar minti ɗaya, sannan ya ɗago.

"Kawu, in na mayar da sukuwar sau uku a mako fa? Ina ga kafin Sallah zan kai 25."

Na naɗe ƙafar wandona ta hagu, na nuna masa daidai inda likita ya danna.